Hancin sirdin keke: a ɗaga ko a sauke?

Ɗan Kalgo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu keke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine babur na koma keke, da shi nake zuwa aiki Birnin Kebbi in dawo Kalgo. Ɗan Kwatano ne mai giya. Damuwata ita ce kafin in shiga gari gabana ya sage, ku gafarce ni, sai na sauka na ɗan taka kafin jikin ya dawo. Wani abokin aikina ya ce in sunkuyar da hancin sirdin ƙasa, na kuwa sunkuyar. Waccan matsalar ta ragu, amma yanzu hannu ne ke mutuwa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ga ciwon kafaɗa da wuya. Ina mafita?

Ɗan Tsere: Wa alaikumus salam Yaya. Turo mana hoton keken ta gefe, a kan siminti, ba cikin yashi ba.

Ɗan Kalgo: Ga shi nan.

Ɗan Tsere: Kai Yaya! Wannan ai ba sunkuyawa ba ce, ruku'u sirdin ya yi.

Mai Faci na Argungu: Malam, abokin aikin naka ya ɗinke maka nan ya ɓarke can. In hancin sirdi ya dubi ƙasa haka, ba zaune kake ba, zamewa kake yi gaba. Mi zai tare ka? Hannuwa. Nauyin da ya kamata ɗuwawu shi ɗauka duk ya koma bisa tafin hannu da kafaɗa. Kuma in ka lura da kanka, duk bayan 'yan taku sai ka turo jiki baya ka gyara zama, ka sake zamewa, ka sake turowa. Gajiyar banza. Wani abin ma, in ka zame gaba bisa siririn wurin sirdin kake ƙarewa, wurin da kake gudu tun farko. Ka maishe shi daidai, gaba da baya su yi kai ɗaya, sannan mu ga abin da ya rage.

Ɗan Kamba: Ni fa ban yarda da wannan ba. Nawa a sunkuye yake kuma haka zai zauna. Hannu in ya mutu ka yarfe shi ya dawo. Wancan wurin fa? Mai iyali ya san abin da nake faɗi. Gara kafaɗa ta yi ciwo.

Mai Faci na Argungu: Wa ya ce maka dole sai ka zaɓi ɗaya? Keken da anka gyara daidai ba ya cin ko ɗaya.

Ɗan Kamba: Maigida, kai gyara kake yi, mu hawa muke yi.

Mai Faci na Argungu: To da jaki nike zuwa shago?

Malamin Asibiti, Jega: Bari in sa baki, don tsoron Ɗan Kamba ba na banza ba ne, maganinsa ne bai yi ba. A ƙasan ƙugu akwai ƙasusuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda kake ji suna taɓa benci in ka daɗe zaune. Su aka halitta don ɗaukar nauyin mai zama. Tsakaninsu zuwa gaba kuwa nama ne mai laushi, ta nan jijiyar ji da jijiyoyin jinin da ke zuwa gaba suka bi. In hancin sirdi ya ɗago, ko mutum ya zame ya hau kan hancin, wurin nan ake dannewa, jini ya ragu, jijiya ta matsu, shi ne sagewar da Malam ke ji. A hannu ma haka ne. Akwai jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu, ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Yatsun da Malam ya ambata ke nan, ba wasu ba. Danne ta a kan ƙarfen keke yake yi.

Kuma kada a ɗauki sagewar hannu wasa. Jijiya ce ita ma. Wanda ya daɗe yana danne ta zai iya wayar gari riƙon cokali na ba shi wuya na wani lokaci.

Batun gaba kuwa, an yi bincike a kai. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta bibiyi 'yan sandan da ke wuni suna sintiri a kan keke, a 2009 ta fitar da shawarar su riƙa amfani da sirdi marar hanci. Amma ku lura, mutanen da ke kwashe sa'o'i masu yawa kullum a kan sirdi ake magana. Mai zuwa aiki ya dawo, in zamansa ya daidaita kuma yana ɗan miƙewa kan feda lokaci-lokaci, ba shi da abin fargaba. Sagewar da ta ƙi wucewa bayan an sauka, ko ta kwana, wannan a zo asibiti, kada a tsaya jin kunya.

Ɗan Kamba: To ai ka ga, Likita ma ya ce hancin ne matsala.

Malamin Asibiti, Jega: Ban ce ba. Na ce hawa kan hancin ne matsala, kuma sirdi mai gangara kan hancin yake kai ka.

Baba na Gwandu: Yara, ina karanta ku tun ɗazu. Ni nawa hancin sama yake kallo kaɗan, kuma tun kafin a haifi mafi yawanku nike hawa. Raleigh ne, tun zamanin da ake haɗa shi Kano, sirdin fata mai sifirin biyu a baya. Da shi nay yi aikin malanta ƙauyuka har nay yi ritaya, ga 'ya'ya ga jikoki, alhamdu lillahi. Ranar da wani yaro ya daidaita min shi wai shi ya iya, ban kai ƙofar gari ba nad dawo. Zamewa nike ta yi. To wa ke da gaskiya cikinku?

Ɗan Tsere: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma wannan tsohon yayi ne. Yanzu ba wanda ke ɗaga hanci.

Mai Faci na Argungu: Kai yaro, yi a hankali. Baba na da gaskiya bisa kekenai. Sirdin fata irin na kamfanin Brooks ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Fata ce anka ja tsakanin hanci da ƙarfen baya, in ta sha zama sai tsakiya ta lotsa, bayan ya tashi. In ka sa hanci da baya kai ɗaya, wurin da mutum ke zama na gangarowa gaba. Sai ka ɗan ɗaga hancin kafin wurin zaman shi kwanta daidai. Abin da ake daidaitawa wurin zama ne, ba ƙarshen hanci ba. Kuma Baba a miƙe yake zaune, kan kekenai ya fi sirdi tsawo, bayanai a tsaye. Kai kuwa da ke kifewa bisa kan keke mai lanƙwasa, ƙugunka na juyawa gaba, in anka ɗaga maka hanci ko sallar la'asar ba ka kaiwa. Keke biyu ne, zama biyu ne.

Baba, in fatar ta saki da yawa akwai noti ƙarƙashin hancin, a ɗan ja shi kaɗan, kwata ɗin juyi, kada a matsa mai. An cika ja fata ta yage, ba ta da gyara.

Baba na Gwandu: Na san notin nan. Man kaɗe nike ɗan shafa mata in hunturu ya shigo, kada ta tsage.

Mai Faci na Argungu: Kaɗan dai Baba, ranka shi daɗe. In ta sha mai da yawa laushi take yi ta ƙara lotsawa.

Malamin Lissafi: Abin da ke rikita mutane shi ne ba su san ƙanƙantar gyaran da ake magana ba. Sirdin zamani tsawonsa wajen santimita 27 ne. In ka karkata shi digiri 1, bambancin tsakanin hanci da baya bai kai rabin santimita ba, wajen milimita 5. Wato digiri 2 kusan santimita 1 ke nan. Hoton da Malam ya turo, a ido ma hancin ya sauka fiye da faɗin yatsu biyu. Abokinsa ya ce ya sauke kaɗan, shi kuma ya sauke na shekara guda.

Yadda nake yi: in sami ƙasa mai siminti da ba ta da gangara, wani ya riƙe mini keken a tsaye, in ɗora katako madaidaici ko littafi mai kauri a kan sirdin, in aza ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kai. Wanda ba shi da shi, wayoyi da yawa suna da manhajar awon karkata, ita har lambar digirin take nunawa. A rubuta lambar kafin a taɓa komai, don in gyaran bai yi ba a san inda za a koma.

Ɗan Tsere: Kuma don Ɗan Kamba ya ji daɗi, 'yan tsere ma suna sauke hanci. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da can ba ta yarda sirdi ya karkata fiye da kusan digiri 3 ba. A 2016 ta sassauta zuwa digiri 9, saboda mahaya suna fama da gyambo da ciwo a wurin zama.

Ɗan Kamba: Alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta.

Malamin Lissafi: Digiri 9 iyaka ce, ba shawara ba. Kuma mutanen da aka yi wa dokar kwance suke a kan keke suna tafiya kilomita 40 ko fiye a sa'a, ƙarfin da suke taka feda shi ke tura su baya ya hana su zamewa. Kai da kake tafiya kasuwa a hankali da jarka biyu a baya, me zai riƙe ka?

Mai Albasa, Aliero: Ni duk wannan digiri-digiri bai dame ni ba. Phoenix gare ni, buhu nake ɗaurawa a kariya daga gona. Na gwada abin da Malamin Lissafi ya faɗa yanzun nan da wayar yarona, ta nuna hancin ƙasa yake kallo. Amma in na hau, wallahi tokare ni yake yi kamar sama yake kallo. Wayar ce ke ƙarya ko jikina?

Mai Faci na Argungu: Alhaji, bisa ƙafarsa ta baya ka kafa shi ka auna, ko?

Mai Albasa, Aliero: E mana, to wa zai riƙe min?

Mai Faci na Argungu: Shi ke nan. Ƙafar Phoenix ɗaga tayar baya take yi sama, keken duka ya tuntsura gaba, awon ya ɓaci. Sauke shi tayu biyu su taɓa ƙasa. Na biyu, sifirin. Sirdin ga mai sifirin biyu, in mutum mai jiki ya zauna bayan ne ke nutsewa, hancin na nan inda yake, ka ga ya zama sama yake kallo. In sifirin ɗin sun tsufa abin ya fi muni. Na uku, buhun albasa bisa kariya da taya mai ƙarancin iska, bayan keken ya ƙara zama ƙasa. Irin naka ba a auna shi wofi. Ka hau, ka dafa bango, yaron shi tsaya gefe shi duba. Ka kuma leƙa ƙarƙashi, na sha ganin sifirin ɗaya ya karye mutum bai sani ba, shina ta tafiya a karkace shina kukan ciwon ƙugu gefe guda.

Mai Albasa, Aliero: Na leƙa. Ba su karye ba amma na dama ya fi kwantawa.

Ɗan Kamba: Wannan duk laifin waɗanda suka cire tallafi ne. Da mai na arha wa zai tsaya auna sirdi da waya?

Shugaban Zaure: Ɗan Kamba, mun yi alkawari ban da siyasa a nan. A ci gaba da maganar keke.

Mai Faci na Argungu: Malam na Kalgo, na sake duba hoton ga naka. Bar batun hanci tukuna. Ƙarfen sirdin ya fito da yawa. Kai ne ka ja shi haka ko haka kas saye shi?

Ɗan Kalgo: Haka na saye shi. Mai shi na da dogo ne sosai, ni kuwa matsakaici ne. Na ɗauka haka masu giya suke.

Mai Faci na Argungu: In kana tafiya ƙugunka na rausaya dama da hagu? Kana miƙa yatsun ƙafa kafin ka kai feda ƙasa?

Ɗan Kalgo: Ƙwarai kuwa. Har wandona ya fara cinyewa a tsakiya.

Mai Faci na Argungu: To ga ɓarawon nan. Tun farko ba hancin ne ya yi maka laifi ba, tsawo ne. Sirdi in ya yi sama da yawa, kowane taku sai ka jawo jiki ƙasa ka goga bisa shi, kuma kana matsowa gaba don ƙafa ta kai. Mafi yawan waɗanda ke zo min da hanci a sunkuye, tsawo ne ya yi musu yawa sunka rasa gane wa, sai su huce bisa hanci. Ga yadda za ka yi. Dafa bango ka hau, ka sa diddige bisa feda, ka juya ta ta kai can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. In ka maida tudun tafin ƙafa bisa feda yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Nan ne wurinka. Ka kuma duba jikin ƙarfen, akwai zane da anka yi na iyaka. In zanen nan ya fito waje, haɗari ne, ƙarfen na iya karyewa ko shi fasa bakin firam.

Ɗan Tsere: Akwai lissafin Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi.

Baba na Gwandu: Diddigen dai ya fi sauƙi, ɗana.

Ɗan Kalgo: To wanne zan fara taɓawa?

Mai Faci na Argungu: Maida hanci daidai, sauke tsawo, ka tsaya nan. Kada ka taɓa kan keke, kada ka matsa sirdi gaba ko baya, kada ka sayi sabo. Ka hau kwana biyu ka ji. Wanda ya canza abu biyar rana guda bai san wanne ya yi mai magani ba. Naka ƙusa biyu gare shi ƙarƙashin sirdi, na gani a hoto, alanki 5 zai kama ko 6. Ka sassauta ta gaba ka ɗaure ta baya, hanci ya tashi. Ka sassauta ta baya ka ɗaure ta gaba, hanci ya sauka. Irin wannan shi ya fi daɗin gyara don ko rabin digiri kana samu. Na su Alhaji da Baba noti ne gefe da gefe, sifana 13 ko 14, da wasu faranti masu haƙora a ciki. Haƙori ɗaya in ka tsallaka ya yi digiri da yawa, shi ya sa wani lokaci nan ya yi sama can ya yi ƙasa, babu tsakiya.

Maman 'Yan Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni 'yata ce ke zuwa makaranta da keken yayanta, kullum tana kukan yana yi mata ciwo ta gaba. Na naɗa mata soso da tsumma na ɗaure da roba, ta ce ya ƙaru. Ko ita ma tsawon ne?

Malamin Asibiti, Jega: Hajiya, a cire soson. In ya yi kauri da laushi, ƙasusuwan zama nutsewa suke yi a ciki, soson ya taso ta tsakiya ya danne inda ba a so. Ga zafi ga gumi, sai kurji. Sannan mata galibi ƙasusuwan zamansu sun fi na maza tazara, sirdin yayan nata in siriri ne ba zai tallafe ta ba. A duba tsawo kamar yadda Maigida ya faɗa, a samo mata mai ɗan faɗi a baya, hancin ya zama daidai ko ya sauka ɗan kaɗan. Ɗaga hanci kam ba nata ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Likita. Gobe babanta zai kai shi wurin mai gyara.

Ɗan Kamba: Likita, gaskiya ne keke na kawo basir?

Malamin Asibiti, Jega: Ba shi ke kawo shi ba. Taurin bayan gida da yawan yunƙuri su ne kan gaba. Amma mai shi in ya taso, sirdi zai fama masa, sai ya huta har ya lafa.

Ɗan Kalgo: Jama'a, ga rahoto. Zanen iyakar nan ashe ya fito waje. Na sauke ƙarfen da kusan faɗin yatsu biyu, na daidaita hancin da waya. Hannu ya daina mutuwa, ƙugu ya daina rausaya. Sagewar gaba saura ɗan kaɗan, sai in na kifa ina fama da iska a hanyar dawowa.

Mai Faci na Argungu: Yanzu ne za ka sauke hancin, digiri 1, in ya matsa 2. Gwajinai: kana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta riƙo, yatsu kawai bisa kan keke. In ka ji kana zamewa gaba, ka wuce wuri, koma baya.

Ɗan Kamba: Ka ga ni! Ƙarshenta dai ƙasa aka sauke.

Malamin Lissafi: Milimita 5 aka ce, Ɗan Kamba. Turo hoton naka mu auna.

Ɗan Kamba: Wayata ba caji.

Mai Albasa, Aliero: Maigida, ni tawa ba ta ƙare ba. Na sauke haƙori ɗaya na ɗaure tamau, ya yi daɗi. Da na faɗa wani rami da kaya sai na ji ƙas, hancin ya koma sama. Na sake ɗaurewa, ya sake komawa.

Mai Faci na Argungu: Haƙoran sun cinye, Alhaji. Ko ka ɗaure har notin shi tsinke ba su kamawa. Kada ka bari a cusa maka gwangwani ko a yi maka walda, in anka like shi ba ka sake gyara karkata har abada. Maƙalin ake canzawa gaba ɗaya, ba shi da tsada, duk mai kayan keke a kasuwar Jega na da shi. Ka cire tsohon ka tafi da shi a gwada, don bakin ƙarfen ba ɗaya ba ne. Ka haɗa da sifirin biyu, kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya.

Mai Albasa, Aliero: In na kawo maka Argungu nawa za ka ɗaura min?

Mai Faci na Argungu: Daga Aliero har Argungu don noti biyu? Kuɗin motar ya fi na aikin. Ba yaronka sifana, in ya rikice shi kira ni ta bidiyo.